Jan Zaren da Na Ɗinka a Jakar Cherokee

Bron, ranar Lahadi da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Ramatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sauke ki Paris lafiya kamar yadda Ya tashe ki daga Lyon lafiya. Ya tsare ki a cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da wajensa, Ya haɗa ki da maƙwabta na kirki da abokan aiki masu tsoron haƙƙin mutane. Mamanki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki yajin yana aljihun akwati na gefe, kada ki bugo waya ki ce ba ta saka ba.

Na san za ki yi dariya in kika tarar da ambulan mai wannan kauri a ƙarƙashin sallayarki. Za ki ce Baba ya sake rubuta kundin digiri. Ki yi dariyarki, amma ki karanta har ƙarshe, domin kwana tara ke nan zuciyata tana bugawa irin bugun da ta yi ranar da aka kira sunana a zauren jami'a. Wani al'amari da na fid da rai da shi shekara ashirin da uku ya dawo, kuma ta hannunki ya dawo, ba ki sani ba.

Kin tuna Juma'ar waccan, muna shan shayi bayan la'asar, kika buɗe wayarki kina nuna mana shafukan katalog ɗin da gidan gwanjon da ya ɗauke ki aiki ya aiko miki ki nazarta kafin ki fara. Kika tsaya a kan hoton wata 'yar jaka, kika karanta mana bayaninta da irin muryar nan taki ta sabuwar ma'aikaciya: jakar magani ta mutanen Cherokee, fatar barewa, da wani jan ɗinki a bakinta wanda ba a saba gani ba, mai yiwuwa alama ce ta ibada. Na shaƙe da shayi. Mamanki ta ce, "Malam, a hankali mana, shayin ba gudu zai yi ba."

Ramatu, wannan jan ɗinkin ba ibadar kowa ba ne. Ɗinkin ubanki ne.

Bari in faro miki daga tushe. Lokacin da na gama karatun tarihin fasaha a Paris, ina da shekara ashirin da shida, da takarda mai hatimi, da kwat guda ɗaya, da yaƙinin cewa duniya ta daɗe tana jiran zuwana. Ba yabon kai ba ne, na fi kowa a ajinmu iya nazari, kuma har yau ban janye wannan magana ba. Wata dattijuwa, Madam Odil, mai shagon kayan da, ta ɗauke ni in riƙa rubuta bayanin kaya. Wata rana aka kawo mata tsohon akwati daga wani gidan ƙauye da magada suka raba. A ciki akwai rigar sojan Amurka, da kati mai sunan sojan da garinsu, da 'yar jakar nan, wadda tsawonta bai kai tafin hannuna ba, bakinta a ɗinke da jijiya. Mutanen gidan sun ce sojan ya yi jinya a wurin kakanninsu zamanin yaƙi, aka ɗauke shi cikin gaggawa, kayansa suka saura.

Madam Odil ta duba katin ta ce sojan ɗan Cherokee ne. Abin da na sani game da su a ranar bai wuce layi huɗu ba: cewa al'umma ce daga cikin mutanen asali na Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. Amma da na ɗauki jakar, na ji laushinta, na ga an ɗinke bakinta an yi mata maratayi, sai na yi murmushin ƙasaita. Na ce a raina, Turawan nan za su yi ta lalube, ni kuwa ɗan Damagaram ne, wannan ai laya ce. Na tashi a unguwar da dukawa ke ɗinka irinta kullum. Har a wuyana akwai wadda Inna, kakarki, ta rataya mini ranar da zan bar gida. Kuma kowa ya san darajar laya tana ga rubutun da ke cikinta. Saboda haka mantiƙi ya hukunta, in ji ni, cewa a cikin wannan ma akwai takarda, kuma wanda ya fara karanta ta sunansa zai shiga mujallun masana.

Na bari Madam Odil ta fita cin abincin rana, na sa reza na farke jijiyar.

Babu takarda. Abin da ya zubo a kan jaridar da na shimfiɗa shi ne ɗan busasshen ganyen taba, da wata guntuwar saiwa, da farin dutse kamar ƙwayar gujiya, da 'yan ƙwayoyin masara da suka yi baƙi. Na girgiza jakar, na leƙa cikinta da fitila. Daga nan na zauna na rubuta a takardar bayani, da kyakkyawan Faransanci, cewa bincike ya tabbatar jakar fanko ce, ba ta ƙunshi komai mai ma'ana ba illa tarkacen tsirrai.

Ɗiyata, za ki riƙe abubuwa da yawa a wannan aiki da za su yi miki kama da na gida. Kama ba sani ba ce. Baturen da bai taɓa ganin laya ba, da ya ji tsoron jakar ya ajiye ta. Ni da na san laya, sanin nawa ne ya ba ni ƙarfin hali. Duk ranar da kika ji zuciyarki ta ce ai wannan na san shi, ki mayar da hannunki aljihu, ki nemi masu abin ki tambaye su.

Da yamma na nannaɗe tarkacen a jarida, na sa jakar a aljihu, na nufi unguwar La Goutte d'Or wurin Malam Habu. Ba ki san shi ba, ya rasu kina rarrafe. Baduku ne daga unguwarmu ta Birni a Damagaram, yana da ɗan lungu tsakanin shagon waya da na aika kuɗi, inda yake gyaran takalma da jakunkuna. Shi ya sauke ni lokacin da na zo Paris, kuma bai taɓa kirana da sunana ba. Na je ne ya ɗinke mini bakin jakar, mu kuma yi dariyar layar da ba ta da rubutu.

Ya juya ta sau biyu a hannunsa, ya ɗago kai.

"Musye Digiri, wa ya farke wannan?"

"Ni ne, Malam. Bincike ne na ilimi."

"Mai ita ya ba ka izini?"

"Mai ita ya daɗe da zama tarihi."

"To, shi tarihin ba shi da jikoki?"

Na ce masa a ilimin kayan tarihi ana fifita hujja a kan camfi. Ya nuna wuyana da basilla.

"Wadda Innarka ta rataya maka fa, ka farke ta don hujja?"

Na ce wannan mas'ala ce daban. Ya ce da me ta bambanta. Na yi masa bayani na kusan rubu'in sa'a a kan bambancin al'ummomi masu rubutu da marasa shi, bayanin da daga baya na gane rabinsa ma kuskure ne, domin Cherokee suna da haruffansu. Shi kuwa yana ta buga ƙusa a dunduniyar takalmin wata mata. Da na gama ya ce, "Allah Ya ƙara ilimi. Ga basilla can, ga zare. Hannuna dai ba zai taɓa ta ba."

Na ɗauki ƙullin jaridar zan jefa a kwandon shararsa. Tsohon nan, da ciwon gwiwarsa, ya yunƙura ya riƙe mini hannu. Ya juye ragowar ganyen shayinsa a kofi, ya goge gwangwanin da bakin rigarsa, ya zuba kayan a ciki ɗaya bayan ɗaya, har garin tabar da ya maƙale a jarida sai da ya karkaɗe. Ya rufe, ya cusa mini a aljihun kwat.

"Ajiye. Ba naka ba ne da za ka zubar."

Ni na ɗinke jakar da kaina, a kan bencinsa, da jan zaren fatar akuya irin wanda ake yi wa kuben wuƙa a Damagaram, ɗinki mai gicciye kamar yadda na ga ana yi ina ƙarami. Basilla ta soke ni a babban yatsa wajen ƙarshe, shi ya sa ƙullin gefen hagu ya karkace. Ki duba hoton, za ki gan shi. Kuma da na ga fatar ta bushe, sai na shafe ta da man kaɗe, domin a wurinmu haka ake girmama fata. Fatar da take fara sol ta koma launin ƙasa, kuma ba za ta sake komawa yadda take ba.

A nan nasihata gajera ce. Tsufan abu ba ciwo ba ne da za ki yi masa magani. Kuma idan mai sana'ar hannu, wanda bai taɓa shiga lakkwal, makarantar boko, ba, ya ce hannunsa ba zai taɓa abu ba, ki tsaya ki tambaye shi dalili kafin ki buɗe baki. Ni na yi masa lacca.

Abin da ya biyo baya ya fi muni, kuma shi ma da alfahari na aikata shi. Madam Odil ba ta lura da jakar ba, don na mayar da ita ƙasan akwatin. Za ta tafi Lyon wurin ƙanwarta na mako guda, ta ce mini, "Laminu, akwatin sojan nan kada a taɓa. Na rubuta takarda zuwa garinsu, ina jiran amsa." Na ji ta sarai. Amma na ɗauka taushin zuciya ne na tsofaffi, wanda bai dace da kasuwancin zamani ba. Rana ta uku wani mutum mai hular gashi ya shigo yana neman kayan mutanen asalin Amurka. Na fito da jakar, na yi masa jawabi a kan ruhi da fasaha da falsafar fata, har ni kaina jawabin ya burge ni. Ya saya, ya fita. Ko sunansa ban tambaya ba.

Da ta dawo na ba ta labari ina jiran yabo. Ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi. Ta ce, "Kana da kalmomi da yawa, Laminu. Ka fara zaɓen wadda za ka gaya wa iyalinsa in sun zo."

Sun zo kuwa. Bayan wata huɗu jikar sojan ta shigo shagon, Madam Elen, malamar makaranta, doguwa, mai magana a hankali. Madam Odil ce ta yi tafinta. An ba ta rigar da katin, aka gaya mata an sayar da jakar bisa kuskure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna ta gaya mana abin da jakar take a wurinsu, tana cewa ita abin gidansu kaɗai ta sani, ba ta magana da yawun dukan al'ummarsu. Mahaifiyar sojan ce ta ɗinka ta da zai tafi. Tabar ta addu'a ce. Dutsen daga rafin bayan gidansu aka ɗauko shi. Masarar ƙwaya bakwai ce daga gonarsu, don ƙasar da ta ciyar da shi ta riƙa tuna shi har ya dawo. Ta ce ba a nuna wa kowa cikinta, ba a buɗe ta, darajarta ita ce abin da uwa ta rufe da hannunta yana nan a rufe. Kakan nata ya koma gida lafiya, ya tsufa, amma har ya rasu yana tambayar jakar.

Sai ta dube ni ta ce, "Wani ya buɗe ta?"

Ramatu, gwangwanin yana ɗakina a kan kabad, tafiyar tasha huɗu a metiro. Amma takardar zamana a ƙasar nan ta rataya ne a kan wannan aiki, mamanki kuma tana da cikinki wata shida. Duk kalmomin da na tara a jami'a suka gudu suka bar ni da guda ɗaya. Na ce, "A'a."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, duk inda take, cikakkiya ce." Ta ba ni katinta, ko mai hular zai sake biyowa. Har ta gode mini.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ban ce ki gaskata cewa dutse ko saiwa suna tsare mutum ba, mai tsarewa Allah ne Shi kaɗai. Ni kaina na daina rataya layar Inna tun da na zurfafa karatun addini. Amma tana cikin durowata, a ɗinke, kuma wanda ya sa mata reza zai ga ɓacin raina, domin hannun uwata ne ya rufe ta. Wannan haƙƙi na sani tun ina yaro, na tauye wa wani shi, sannan na yi ƙarya a kai. A gidan gwanjo za ki ji ana kiran irin waɗannan abubuwa kaya, ana ba su lamba, ana yaba tsufansu. Ki koyi aikin da kyau, ki fi kowa iya shi, kamar ubanki. Amma kafin ki rubuta bayanin kowane abu ki tambayi kanki wa ya rufe shi, kuma wa yake nemansa har yanzu. Idan kuma kika yi ɓarna, ki faɗe ta a ranar. Tawa da na faɗe ta a ranar, da magana ce ta minti biyar.

Na bar shagon bayan haihuwarki, muka dawo Lyon, na shiga koyarwa. Gwangwanin ya bi mu Vénissieux, ya bi mu nan Bron, duk a gefen Lyon. Shi ne wanda kika taɓa ɗaukowa kina 'yar shekara bakwai za ki zuba duwatsun wasa, na daka miki tsawa har kika yi kuka, mamanki ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Ki yafe mini wannan ma.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Washegarin shayin nan na gaya wa mamanki komai. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Shekara ashirin da uku ina goge ƙurar gwangwanin nan, ina zaton kuɗin Nijar ne na da." Muka nemi katin, muka bi sunan a intanet, muka tarar da Madam Elen a shafin wata ƙungiyar masu saƙar kwanduna. Tana raye, Ramatu. Na rubuta mata shafi uku, mamanki ta sa na mayar da su layi shida. Ranar Laraba amsa ta zo, tambaya ɗaya tak: masarar tana nan? Na ɗaga murfin a karo na farko tun ranar da Malam Habu ya rufe shi, ban taɓa komai ba, na ƙirga da ido. Bakwai. Na rubuta mata haka. Ta ce ba ta san ko abin da aka farke yana komawa yadda yake ba, za ta tambayi dattawansu, amma tana son masarar ta koma cikin jakarta, jakar kuma ta koma gida.

Saura mako uku a yi gwanjon. Idan mai gwanjo ya buga gudumar sayarwa, jakar za ta sake shiga gidan wani mai hula, kuma ba na zaton Allah zai ba ni wata shekara ashirin da uku in jira ta. Abin da ya dace shi ne in zo da kaina, in ga shugaban sashenku, in nemi a janye ta daga gwanjon, a haɗa mai ita na yanzu da Madam Elen. Ban san ko zai yarda ba. Abin da na sani shi ne zan tsaya a gaban masanin gidanku in gaya masa cewa alamar ibadar da ya rubuta ɗinkin kuben wuƙa ne na Damagaram, kuma masana ba sa son irin wannan labari, ni shaida ne. Ke kuwa kina cikin watanni uku na gwaji, kuma sunan da ke kan katin aikinki shi ne sunan da zan faɗa a bakin ƙofa. Suna iya ganin girmanki. Suna iya kuma ganin ɗiyar mutumin da ya ɓata kaya ya kunyata su, su sallame ki cikin ladabi irin nasu.

Wancan karon na zaɓi aikina, na fake da ke kina ciki, ba a tambaye ki ba. Wannan karon aikin naki ne, ke kika yi karatunsa, ke kika ci jarrabawarsa, don haka ba zan taka ƙofar gidan ba sai da izininki. Idan kika ce in dakata, zan nemi wata hanya, ko da ba ta kai wannan ƙarfi ba, kuma ba za ki ragu a idona da ƙwayar zarra ba. Na riga na duba jirgin ƙasan safiyar Alhamis daga tashar Part-Dieu, na kai kwat wurin guga, amma tikiti ban yanka ba.

Mamanki ta kafa mini sharaɗi. Ta ce in na je na fara falsafa za su kira masu gadi. Ta sa na yi alkawarin jimla uku, ba ƙari, kuma na haddace su. Ni na buɗe ta. Ni na ɗinka jan zaren. Ga abin da ke cikinta, ga kuma sunan masu ita.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki fara aikin nan da ƙafar dama, Ya tsare idonki da hannunki da harshenki. Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin gaggawa, Ya dawo mana da ke lafiya a hutun farko. Ki riƙe salla, ki ci abinci mai zafi, ki gaida Tanti Hawa in kin sauka wurinta.

Ubanki ya rubuta miki kalmomi kusan dubu biyu. Daga gare ki guda ɗaya yake jira, kuma wayata tana aljihun gaba. In kin yarda, ki rubuto: zo.

Wassalam,
Mahaifinki mai ƙaunarki,
Laminu